Martani ga Mai Kiran a Sayo wa Agadas Sabon Jet

Malam, na karanta rubutunka inda kake kira ga hukumomin Nijar da su bi sahun ƙasashen da ke sabunta jiragensu, su yi odar sababbin jiragen fasinja masu siririn ciki, irin su A320neo da A321XLR da Boeing 737 MAX. In na fahimce ka daidai, hujjojinka uku ne. Ta farko, duniya duk ta raja'a a kan waɗannan jirage, wanda bai shiga layi yau ba zai tashi a tutar babu. Ta biyu, sabon jet ya fi tsimin mai kuma ya fi aminci, jirgi mai farfela kuwa kayan da ne, abin kunya ne a ga ƙasa mai uraniyom da fetur tana fama da shi. Ta uku, da zarar an samu jirgin da zai tashi daga Agadas ya dire Paris ko Jidda ba tare da ya ya da zango ba, 'yan yawon buɗe ido za su dawo, arewa ta farfaɗo. Har garinmu Cirozerin ka lissafa cikin waɗanda za su ci moriya. Tun da ka sako mu a ciki, ka yi haƙuri mu ma mu tofa albarkacin bakinmu.

Ga wanda bai saba da zancen ba, jirgi mai siririn ciki shi ne wanda in ka shiga za ka tarar da hanya ɗaya tal a tsakiya, kujeru uku a dama, uku a hagu, yana ɗaukar mutum 150 zuwa sama da 200. Boeing 737 ya fara tashi a 1967, Airbus A320 a 1987, kuma har yau jikokinsu ne ke riƙe da kasuwa. A320neo ya fara ɗaukar fasinja a 2016, 737 MAX a 2017, kowanne da sababbin injuna masu rage shan mai da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Gaskiyarka ne ana rububinsu. A Fabrairun 2023 Air India ya yi odar jirage 470, mafi yawansu masu siririn ciki, a watan Yunin shekarar kuma IndiGo ya yi odar 500 a zama ɗaya. Gaskiyarka ne kuma arewacin Nijar bai samu hidimar da ta dace da shi ba. Da Niger Airlines ya fara aiki a 2014, da Fokker 50 na haya ya fara, jirgin da kamfanin da ke ƙera shi ya durƙushe tun 1996. Ba mai hankalin da zai ce kada a sabunta. Inda muka raba gari da kai shi ne a kan wane jirgi, don wane fasinja, kuma da kuɗin wa.

Mu fara da tsimin mai, tun da shi ne ƙashin bayan hujjarka. Tsimin da ake yabon waɗannan jirage da shi lissafin kujera ne: a ɗauki man da jirgi ya sha, a raba shi ga kujeru 180, sai a ga kowace kujera ta sha kaɗan. To amma jirgi sawu-sawu yake shan mai. Ko mutum 180 ya kwaso ko 40, dole ya ɗaga gangar jikinsa, wadda a A320neo ta haura tan 40 tun ba a zuba mai ko ɗigo ba. Dole a biya matuƙa da masu hidima a ciki. Dole a biya kuɗin sauka da na kula da sararin sama, waɗanda ake yanka su gwargwadon nauyin jirgi. ATR 72, mai farfela biyu da kujeru kamar 70, ko an cika shi maƙil da mutane da kaya da mai, nauyinsa tan 23 ne. A320neo yakan kai 79. Mai lambun albasa a Tabelot da ke da buhu 30 ba ya kiran tirela don an ce masa tirela ta fi arha a kan kowane buhu. Ya san arhar ba ta tabbata sai an cika ta, in ba a cika ba kuwa shi zai biya kuɗin iskar da ta ɗauka.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka fara da ita, wadda ban ga ko inuwarta a rubutunka ba, ita ce: su wane ne za su zauna a kujerun? A nan Cirozerin mun san matafiyanmu. Akwai ma'aikatan SONICHAR, kamfanin da ke haƙar kwal a Anu Araren tun farkon shekarun 1980, yana ƙona shi yana ba Arlit da Akokan da Agadas da mu kanmu wutar lantarki. Akwai injiniyan da aka kira daga Yamai don wani inji ya tsaya, da ƙaramin ƙarfen gyara da ake jira kamar ruwan sama. Akwai ma'aikacin gwamnati mai zuwa taro, da ɗalibi, da ɗan kasuwa, da masu harkar zinariya tun da aka gano ta Jado a 2014. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suna da nasu ƙananan jiragen na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mahaƙar uraniyom ta COMINAK da ke Akokan, wadda a da take cika motoci da ma'aikata da iyalansu, ta rufe tun Maris na 2021. Waɗannan mutane ne masu buƙatar tafiya kullum, amma ba su taruwa ɗari biyu a safiya ɗaya.

A cikinsu akwai wanda ya fi kowa cancanta a tuna da shi, wato marar lafiya. Duk ɗan arewa ya san yadda abin yake. A kwaso mutum daga asibitin gari a kai Agadas, likita ya duba ya ce wannan sai Yamai. Daga nan lissafi ya fara. Hanyar mota ta kai kilomita 950, ta Abalak da Tawa da Konni da Dogonduci da Doso. A wurare da dama na hanyar uraniyom, wato ta Tawa zuwa Arlit, kwalta ta zama labari, direba yakan sauka gefe ya bi rairayi don ya fi ramukan sauƙi. 'Yan'uwa su sayi kujeru biyu ko uku a jere don a kwantar da shi, a ɗaure robar ƙarin ruwa da ɗankwali a jikin ƙarfen ajiye kaya, wata ta riƙe kansa a cinya, kowane rami ya ji shi har cikin ƙashi. Wannan bawan Allah bai damu da ko fiffiken jirgi yana da lanƙwasa a ƙarshe ba. Abin da danginsa ke tambaya a waya ɗaya ne: akwai jirgi gobe?

Amsar wannan tambaya ta dogara ne da girman jirgin. A ce, misali, mutum 360 ne ke son zuwa Yamai daga Agadas a mako. Jet mai kujeru 180 sau biyu zai tashi ya kwashe su, sauran kwana biyar fili ya zama na tsuntsaye. Mai kujeru 70 zai tashi sau biyar ko shida. Mai kujeru 48, irin ATR 42, zai tashi kowace rana. Fasinjan ɗaya ne, amma a tsari na uku marar lafiya ba ya jiran Alhamis, kuma ɗan kasuwa ya san in ya je yau zai dawo gobe. Wannan sanin shi ke sa mutane su saba da jirgi har yawansu ya ƙaru. In kuwa sauri ne ya dame ka, tsakanin Agadas da Yamai ta sama kilomita 740 ne ko kusa da haka. Jet zai ci su cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, mai farfela cikin abin da bai kai sa'a biyu ba. Mutumin da ya saba kwana a hanya ba zai yi ƙorafi a kan minti 40 ba.

Ka ce wanda bai shiga layi yau ba ya makara. Layin kam akwai shi. Jiragen dangin A320 da aka yi oda ba a kai ga miƙawa ba sun haura 7,000, wanda ya sa hannu yau kuwa sai cikin shekarun 2030 zai ga nasa. Boeing ma ba sauƙi: bayan da wani murfin ƙofa ya fice daga 737 MAX na Alaska Airlines yana cikin tafiya ranar 5 ga Janairun 2024, hukumar jiragen saman Amurka ta ƙayyade masa jirgi 38 a wata, aka shafe fiye da shekara ɗaya da rabi a haka. Sai dai shiga layi ba kyauta ba ne. Ana ajiye kuɗin kafin alƙalami, ana ci gaba da biya kashi-kashi shekaru kafin jirgi ya iso, duk da dala. Farashin A320neo da Airbus ya buga a 2018 dala miliyan 110 ne. Masu sayen ɗaruruwa su ake yi wa rangwame mai tsoka, mai sayen biyu ba ya da bakin ciniki. Wato dai za mu kwashi kuɗin da ake buƙata yau a kan hanyar Tawa zuwa Arlit, mu kai su ajiya Tuluz wurin Airbus ko Siyatil wurin Boeing, don jirgin da yaron da ke firamare yanzu zai gama sakandare kafin ya gani.

In ka ce a ɗauko haya daga kamfanonin da suka riga suka kama layi, to haya wata-wata ake biya, da dala, ko jirgi ya tashi ko yana kwance. Shi ya sa kamfanonin da ke cin riba da irin wannan jirgi suke sa shi aiki sa'a 10 zuwa 12 a rana. Zuwa Agadas da dawowa bai cika sa'a uku ba. Sauran sa'o'in fa? Za ka ce Abijan da Lome da Dakar da Kazablanka. A can kuma akwai masu gida: ASKY da ke Lome tun 2010 da goyon bayan Ethiopian, da Air Côte d'Ivoire, da Royal Air Maroc, kowanne da cibiyarsa inda yake tara fasinja daga ƙasashe da dama ya rarraba. Sabon shiga mai jirgi biyu zai yi gasa da su ne ta hanyar karya farashi, baitulmali ya cike giɓin. A ƙarshe jirgin da aka sayo da sunan Agadas zai ƙare yana zirga-zirgar bakin teku, mu kuwa mu ci gaba da tambayar ko akwai jirgi gobe.

Ba yau aka fara wannan mafarki ba, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Nijar tana cikin ƙasashe 11 da suka kafa Air Afrique a 1961. A farkon shekarun 1990 kamfanin ya ci bashi ya sayo sababbin Airbus A310. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bashin da ke kansa na kuɗin waje ya ninka a dare ɗaya, alhali fasinja da sefa suke biya. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace jirage huɗu, a 2002 aka yi jana'izar kamfanin. Nigeria Airways ya bi shi a 2003. Na baya-bayan nan kuwa duk mun gani: ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnatin Najeriya ta sauka, aka sauke wani Boeing 737 na Ethiopian a Abuja an shafa masa fentin Nigeria Air, aka ɗauki hotuna, ya koma inda ya fito. A duk waɗannan ba a rasa jirgi mai kyau ba. Abin da aka rasa shi ne lissafin da ya yi daidai da kasuwa, da shugabancin da ke hana manya hawa kyauta.

Akwai kuma wani abu da mazaunin Yamai zai iya mantawa, mu ba za mu manta ba: ƙura. Sababbin injunan nan suna samun tsiminsu ne ta hanyar ƙona mai da zafi mai tsananin gaske, zafin da ya wuce abin da ƙarfen cikinsu zai jure shi kaɗai. Abin da ke hana fika-fikan cikin injin narkewa shi ne wani shafe na musamman da ƙananan huji masu yawa da iska ke bi tana sanyaya su. In ƙura mai laushi ta shiga, sai ta narke a cikin wutar, ta manne a kan shafen, ta toshe hujin. Makanike ya zura 'yar kyamara ta cikin injin ya ga ƙarfe ya fara tsagewa tun lokacinsa bai yi ba, sai a sauke inji. Kamfanonin Gabas ta Tsakiya da na Indiya sun sha fama da wannan, har CFM mai ƙera injin LEAP na waɗannan jirage ya fito da sababbin kayan ciki don wurare masu zafi da ƙura. To mu a bakin tushen ƙurar muke. Iskar hunturu daga kwarin Bodele na Cadi take kwaso ta, wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, kuma akwai ranakun da mutumin Cirozerin zai fito ƙofar gida ya nemi duwatsun Ayar ya rasa.

Ko ba ƙura ma, sabon abu yana zuwa da nasa ciwon. A Yulin 2023 kamfanin Pratt & Whitney ya bayyana cewa an samu gurɓata a garin ƙarfen da aka ƙera wasu sassan injunansa na A320neo da shi. Aka ce sai an sauke injuna 600 zuwa 700 an duba, kowanne zai iya shafe kwana 250 zuwa 300 a wurin gyara. Ɗaruruwan sababbin jirage suka kwanta a filayen duniya an rufe musu baki da tamfol. Tun kafin nan Go First na Indiya ya durƙushe a Mayun 2023, ya ɗora laifin a kan rashin injuna. A nahiyarmu, Air Tanzania ya ajiye wasu daga cikin jiragensa na A220 masu injin Pratt saboda matsalar inji, Air Sénégal bai ji daɗin nasa ba, EgyptAir kuwa a 2024 ya sayar da A220 ɗinsa 12 gaba ɗaya, dukkansu ba su wuce shekara biyar ba. Kamfani mai jirgi 300 in 30 suka kwanta yana ci gaba da aiki. Mai jirgi biyu in ɗaya ya kwanta rabin kamfani ya tafi, kuma a layin gyara ma manya ake fara sallama. Ban ce mai farfela ba ya jin ƙura ba, yana ji. Amma injinsa ƙarami ne, ajiye na ko-ta-kwana bai fi ƙarfin ƙaramin kamfani ba, kuma makanikan da suka san shi suna nan birjik daga Aljeriya har Habasha.

Game da aminci, na san abin da ke ranka, domin mu ma yana ranmu. Filin jirgin Agadas sunan jagoran Abzinawa Mano Dayak yake ɗauke da shi, wanda ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgi cikin duwatsun Ayar a Disambar 1995. Ƙasar Hausa ba ta manta da 29 ga Oktoban 2006 ba, ranar da wani tsohon Boeing 737 na ADC ya faɗi a Abuja da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a ciki. Amma binciken wannan haɗari a kan mugunyar iska da shawarar matuƙa ya tsaya. Jiragen 737 MAX biyu da suka faɗi, na Lion Air a Oktoban 2018 da na Ethiopian a Maris na 2019, suka ci rayuka 346, sababbi ne fil, ba wanda ya kai wata shida da fara aiki. Aka dakatar da samfurin a duniya baki ɗaya, a Amurka sai Nuwamban 2020 aka sake shi. Shekarun jirgi suna da tasiri, amma aminci yana hannun makaniken da ba a matsa masa ya sa hannu a kan abin da bai duba ba, da matuƙin da ke da ikon cewa yau ba za mu tashi ba, da hukumar ANAC mai kula da sufurin jiragen sama in an bar ta ta yi aikinta ba tare da kiran waya daga sama ba.

Hujjarka ta uku ita ce ta fi daɗin ji, ita ce kuma ta fi rauni. A321XLR, wanda Iberia ya fara aiki da shi a ƙarshen 2024, yana cin kilomita 8,700 ba sauka. An ƙera shi ne don tsallaka Tekun Atlantika. Daga Agadas zuwa Paris kilomita 3,600 ne ko kusa da haka, zuwa Jidda kuma kamar 3,300. Tsohon 737-800 na yau da kullum yana cin wannan tafiya. Titin jirgin Agadas mai tsawon mita 3,000 yana nan. Kuma an riga an yi: bayan yarjejeniyar zaman lafiya da 'yan tawayen Abzinawa ta 24 ga Afrilun 1995, kamfanin Point-Afrique na Maurice Freund ya riƙa kawo Turawa kai tsaye daga Faransa cikin jiragen haya a lokacin sanyi. Maƙeran azurfa da masu jagora da direbobin hamada da masu raƙuma duk sun ci abinci a wannan zamani. Abin da ya tsayar da su sananne ne: tawayen da ya ɓarke a Fabrairun 2007, sace ma'aikata bakwai a Arlit a Satumban 2010, hare-haren Agadas da Arlit a Mayun 2013. A waccan shekara ta 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, amma baƙin ba su dawo ba. A 2025 ma an sace Turawa mata biyu a cikin garin. Air France bai sake sauka Yamai ba tun Agustan 2023. Wanne daga cikin waɗannan sabon jet zai warware? Ranar da hanyar Timiya da Iferwan ta yi lafiya, masu shirya yawon za su zo da jiragen da suka yi haya da kuɗinsu, asara in ta zo tasu ce, kamar yadda suka yi a da.

Haka zancen alhazai. Kason Nijar ya kusa mutum 16,000 a shekara, kuma aikin jigilarsu na 'yan makonni ne, tafiya da dawowa. Shi ya sa ake ba kamfanoni irin su Max Air da Flynas kwangila, su kawo jiragensu da matuƙansu, su gama su tafi. Ba a sayen jirgin da za a biya wa bashi wata 12 don aikin mako shida. Abin da ya kamata mu nema daga hukumar alhazai shi ne a rubuta cikin kwangila cewa maniyyatan jihar Agadas daga Agadas za su tashi, a can kuma za a sauke su. Tsohuwar da ta tara kuɗin kujerarta shekara da shekaru bai kamata ta fara aikin hajji da wahalar kilomita 950 ta nufi yamma ba, alhali alƙibla tana gabas. Wannan gyara alƙalami kawai yake buƙata.

Saura zancen kunya. Ka ɗauki farfela alamar ci baya, to ka duba masu amfani da ita. Ana ƙera ATR sabo fil a Tuluz, kuma rabin kamfanin na Airbus ne. IndiGo ɗin da ya yi odar 500, a 2017 ya ƙulla cinikin ATR 72 guda 50 don ƙananan garuruwan Indiya. Ethiopian, wanda ya fi kowane kamfanin jiragen sama girma a Afirka, da Dash 8 mai farfela yake zuwa Lalibela da sauran garuruwan cikin gida. Air Côte d'Ivoire da shi yake zuwa Korhogo da San Pedro. Maƙwabtanmu na Air Algérie suna da ATR. Ba wanda ya ce waɗannan ƙasashe sun ci baya. Kuma tun da makomar jirage masu siririn ciki kake magana, ka sani cewa a 2021 CFM ya bayyana shirinsa mai suna RISE, injin da fika-fikansa ke waje ba rufi, wanda ake fatan zai ƙara rage shan mai da kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya gan shi zai ce farfela ce. Magajin A320 ba a sa ran fitowarsa sai a rabin ƙarshe na shekarun 2030. Ka ga ke nan, in muka bi shawararka, jirginmu zai iso ne dab da lokacin da samfurinsa zai fara tsufa, mu kuma muna farkon biyan bashi.

Kada a ce na rushe ban gina ba, ga abin da nake gani. A samo jirage masu farfela sababbi ko masu ƙananan shekaru, samfuri ɗaya, guda uku, don in ɗaya yana gyara biyu suna aiki. A kafa jadawalin da ba ya motsi: Yamai, Tawa, Agadas, da Agadas zuwa Damagaram da Difa, a kuma gyara ƙananan filaye irin na Arlit da Iferwan, waɗanda jet mai kujeru 180 ba zai taɓa sauka a kansu ba. In hanyar ba ta biyan kanta, gwamnati ta tallafa wa hanyar a fili, ta yi tallar kwangila, wanda ya ci a biya shi a kan kowane sawun da ya tashi a kan lokaci, a yanke masa in ya fasa. Amurka tana da irin wannan tsari ga ƙananan garuruwanta tun 1978, Norway ma da shi take riƙe da arewacinta. A ware kujeru biyu ko uku a kowane sawu don marasa lafiyan da likita ya tura. A zuba kuɗi a kan mutane: makarantar EAMAC tana Yamai tana horar da masu kula da sararin sama da masana yanayi, kwalejin Zariya tana yaye matuƙa da injiniyoyi tun shekarun 1960. A buɗe ƙofa ga kamfanonin maƙwabta su haɗa Agadas da Tamanrasat da Kano. Tsakaninmu da Kano ta sama bai kai kilomita 600 ba, kuma unguwar Agadasawa da ke cikin birnin shaida ce cewa wannan kasuwa ta girmi jirgin sama da ɗaruruwan shekaru. Sannan a gama hanyar Tawa zuwa Arlit, domin ko an yi jirgi kullum, mafi yawan mutanenmu da albasarsu da dabbobinsu ta ƙasa za su bi.

In aka yi haka shekara biyar, jirgi na tashi a kan lokaci, kujeru 70 suka daina isa har ana barin mutane a fili, to a ranar ni zan fara rubuta cewa a kawo babba, kuma a lokacin masu ba da haya da kansu za su zo neman mu, da takardun fasinja a hannunmu muna ciniki. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kafin nan, Malam, ina roƙonka abu uku a rubutunka na gaba: yawan mutanen da ke tashi daga Agadas a mako, sa'o'in da jirginka zai yi a sama kowace rana da garuruwan da zai je, da kuma aljihun da za a ciro dalar haya a watan da inji ya kwanta. In ka kawo waɗannan lissafin ya tsaya da ƙafarsa, muhawara ta ƙare, ka yi nasara. In ba su samu ba, to ka taya mu neman ƙaramin jirgin da zai zo kullum.